Darasi Na Goma Sha Huɗu: Fatsa Da Abincin Ƙarya A Tafki Mai Ruwa Garau

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ku iya:
(a) ambaton sunayen kayan su guda biyar da sunayen kifaye guda biyar da Hausa;
(b) bayyana abin da ya sa kamun kifi a ruwa garau yake buƙatar dabara ta musamman;
(c) yin amfani da lokaci na sabo da kuma amsa-kama a cikin jimlolinku.

Gabatarwa

Ɗalibai, babu shakka kowannenku ya taɓa cin kifi, ko soyayye, ko gasasshe, ko kuwa banda a cikin miya. Amma ba kowa ba ne ya san irin ilimin da ake buƙata kafin a raba kifi da ruwa. Sana'ar kamun kifi ita ake kira su da Hausa. Mai yin ta shi ne masunci, jam'insa masunta. A ƙasar Kabi da Yawuri akwai mutanen da suka gaji wannan sana'a kaka da kakanni, ana kiran su Sarkawa. Shugaban masunta a gari kuwa shi ne Sarkin Ruwa.

Hanyoyin su suna da yawa. Akwai masu amfani da koma, akwai masu jefa birgi, akwai masu shimfiɗa taru. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, dubban masunta sukan faɗa kogin Matan Fada da gora da homa a hannu. Sai kuma fatsa, wato kamun kifi da ƙugiya da zare. A fatsa ta gargajiya akan maƙala wa ƙugiya abinci na gaske, kamar tana ko fara ko ƙaramin kifi. Darasinmu na yau ya shafi wata irin fatsa ce dabam, wadda ake yi da abincin ƙarya. Abincin ƙarya wani abu ne da ake ƙerawa da ƙarfe ko katako ko roba, a yi masa siffar ƙaramin kifi ko tsutsa, a rataya masa ƙugiya. Ba shi da ƙanshi, ba shi da ɗanɗano. Da siffa da motsi kaɗai yake yaudarar kifi. Saboda haka ba ya aiki sosai sai inda kifi zai iya ganinsa, wato a ruwa garau.

Farin Ruwa Da Baƙin Ruwa

Ku lura da wani abu a harshen Hausa wanda yakan rikita mai koyo. Ruwan da ya kwanta, ya yi garau, har kana hango ƙasa, Bahaushe yakan kira shi baƙin ruwa. Wanda ya haɗu da laka ya yi fari-fari kuwa shi ne farin ruwa. Ke nan baƙin ruwa ba ƙazamin ruwa ba ne.

Tafkin Kainji misali ne mai kyau na wannan bambanci. Tafkin ya samu ne bayan da aka kammala gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1968. Yana tsakanin jihohin Neja da Kebbi, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, girmansa kuma ya haura murabba'in kilomita 1,200. Ruwansa ya cinye tsohon garin Busa, shi ya sa aka gina Sabuwar Busa, inda a yau akwai cibiyar ƙasa ta binciken kifayen ruwan daɗi.

Sau biyu ruwa yake cika wannan tafki a shekara. Cikar farko takan zo a ƙarshen damina, daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan sama ne da ya sauka a ƙasashen da ke kusa, ya kwaso laka daga gonaki da kwazazzabai. Wannan shi ne farin ruwa. Cika ta biyu takan zo da rani, daga wajen watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu a yankin. To, daga ina wannan ruwa yake? Daga tsaunukan ƙasar Gini yake, inda kogin Kwara ya samo asali. Yana tafe har ya iso ƙasar Mali, inda kogin ya bazu a wata makekiyar fadama tsakanin Mopti da Tambutu. A can gudun ruwan yake raguwa, lakarsa ta kwanta. Bayan watanni yana tafiya, sai ya iso Nijeriya a tace. Wannan shi ne baƙin ruwa, kuma lokacinsa ne mai fatsa da abincin ƙarya yake jira.

Ku da kuke kudancin ƙasar nan kuna da irin wannan misali kusa da ku. A jihar Imo akwai tafkin Oguta mai ruwa garau. Inda ya haɗu da kogin Urashi, ido yana iya rarrabe ruwan tafkin da na kogin mai launin ƙasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Masana suna da hanya mai sauƙi ta auna hasken ruwa. Sukan ɗaure wani farin faifai da igiya mai alamun awo, su zura shi a ruwa sannu a hankali har ya ɓace wa ido, sa'an nan su duba tsawon igiyar da ta nutse. Wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Angelo Secchi ne ya fito da wannan dabara a 1865. Ku ma kuna iya gwadawa da farin murfin kwano da igiya.

Yadda Kifi Yake Gani Da Ji

Hausawa suna cewa, “Kifi na ganinka, mai jar koma.” Wannan magana ta fi zama gaskiya a ruwa garau. Kamar yadda kake hango kifi, haka shi ma yake hango ka. Ga abubuwa huɗu da ya kamata ku sani.

Na farko, haske yana karkacewa idan ya ratsa daga iska zuwa ruwa. Ku tsoma fensir a kofin gilashi mai ruwa, za ku ga kamar ya karye. Saboda wannan karkacewa, kifin da kake gani daga bakin gaɓa yakan zama kamar yana kusa da saman ruwa, alhali ya fi haka nisa a ƙasa. Shi kuma kifin yana kallon duniyar waje ta wani da'irar haske da ke bisa kansa, kamar taga. Mutumin da ya miƙe tsaye a bakin ruwa yana shiga cikin wannan taga. Wanda ya durƙusa ko ya ja da baya kuwa da wuya kifi ya gan shi.

Na biyu, ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne yake fara ɓacewa. Abin da yake ja wur a hannunka, idan ya nutse 'yan mitoci, sai ya koma duhu-duhu. Bayan ja sai ruwan goro da rawaya. Kore da shuɗi su ne suke daɗewa ana ganinsu a zurfi. Don haka launin da ya burge ka a kasuwa ba lalle ne shi kifi zai gani a ƙarƙashin ruwa ba.

Na uku, sauti ya fi gudu a ruwa. A cikin iska yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, a cikin ruwa kuwa kimanin mita 1,500, wato ya ninka fiye da sau huɗu. Idan ka yar da gwangwani a cikin kwalekwale, ko ka buga ƙafa, ka riga ka yi wa kifayen wurin sallama.

Na huɗu, kifi yana da wani layi a kowane gefe na jikinsa, tun daga kai har wutsiya. Da wannan layi yake jin motsin ruwa da ke kusa da shi. Ƙaramin kifin da ya ji rauni ba ya iyo daidai. Yakan karkace, ya tsaya, ya zabura. Babban kifi yana jin wannan motsi, ya san cewa ga abinci mai sauƙin kamawa. Wannan motsi ne abincin ƙarya yake kwaikwayo.

Ire-iren Abincin Ƙarya

Abincin ƙarya iri-iri ne, amma za mu taƙaita a kan guda huɗu.

1. Cokali. Ƙarfe ne mai kama da bakin cokali, da huda a kowane gefe. A huda ɗaya ake ɗaura zare, a ɗayar kuma ƙugiya. Idan ana jan sa yakan yi rangaji, yana walƙiya wal-wal kamar cikin ƙaramin kifi. Yana da nauyi, saboda haka ana iya jefa shi nesa.

2. Mai juyawa. Wata 'yar waya ce da ɗan ƙaramin ƙarfe mai faɗi a jikinta. Da an ja, sai ƙarfen ya riƙa juyawa kamar farfela, yana ba da haske da motsi. Ya dace da ruwa marar zurfi.

3. Kifin katako ko na roba. An sassaƙa shi da siffar kifi, har da ido da launi. A bakinsa akwai wani ɗan leɓe. Ruwa ne yake danna wannan leɓe idan ana ja, sai kifin ya nutse yana kaɗa jiki. Mai dogon leɓe ya fi mai gajere nutsewa. Wani matalaucin masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya yi suna da irin wannan. Ya daɗe yana lura da yadda manyan kifaye suke zaɓar ƙaramin da ke iyo a karkace. A 1936 ya sassaƙa nasa na farko da ɓawon itace mai sauƙi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli. A yau sunansa yana kan kayan fatsa da ake sayarwa a ƙasashe da yawa. Lura ce ta kai shi ga haka.

4. Tsutsar roba. Roba ce mai laushi, mai siffar tana ko ƙaramin kifi. Akan haɗa ta da ƙugiya mai ɗan nauyin dalma a kai, a bar ta ta nutse ƙasa, a riƙa ɗaga ta ana saki.

Ban da waɗannan, mai fatsa yana buƙatar sanda mai lanƙwasa, da abin naɗe zare, da zaren roba siriri wanda ba shi da launi.

Wane Kifi Ake Yaudara?

Ba kowane kifi ne yake kula abincin ƙarya ba. Tarwaɗa ta fi dogara da gashin bakinta wajen neman abinci a cikin laka, don haka tana ko hanjin kaza ya fi kama ta. Karfasa kuwa yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan tsirrai. Waɗanda ake yaudara su ne kifaye mafarauta, masu cin 'yan'uwansu, masu dogara da ido. A ruwayenmu biyu ne suka fi shahara.

Na farko shi ne giwan ruwa. Ku lura, ko da yake giwa kalma ce ta mace, sunan kifin giwan ruwa ne, kuma akan ce “yana”, ba “tana” ba. Yana cikin kifaye mafi girma a ruwan daɗi na Afirka. Tsawonsa yana iya kusantar mita 2, nauyinsa kuma ya haura kilo 100. Ana samunsa a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi da kogin Nilu. Tafkin Nasar na ƙasar Masar ya yi suna wajen kama shi da abincin ƙarya. Idanunsa suna gani sosai a cikin ɗan duhu. Yakan laɓe kusa da duwatsu ko kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, ya jira abinci ya gifta.

Na biyu shi ne tsage. Bai kai giwan ruwa girma ba, amma ya fi shi zafin nama. Jikinsa fari ne mai ratsin baƙi, haƙoransa kuma masu kaifi ne ƙwarai, ana ganinsu ko bakinsa yana rufe. Sukan yi farauta a ƙungiya. Mai neman tsage dole ya sa 'yar siririyar waya tsakanin zare da abincin ƙarya, in ba haka ba haƙoran za su datse zaren.

Matakan Fatsa A Ruwa Garau

Ga matakai bakwai. Ku karanta su da kyau, ku lura da yadda ake ba da umurni da Hausa.

1. Ka zaɓi lokaci. Sassafe da yamma liƙis sun fi. Da tsakar rana haske yakan yi yawa, kifaye su gangara zurfi. Ranar da ake hazo ko gajimare ma tana da kyau, haka nan idan iska tana ɗan kaɗa saman ruwa, domin kifi ba ya ganin waje sosai.

2. Ka sa tufafi masu duhu. Farar riga tana tona asirin mai ita daga nesa.

3. Ka kula da inuwarka. Kada ka bari ta faɗa kan wurin da kake son yin jifa.

4. Ka yi tsit, ka tsaya nesa, ka yi jifa mai tsawo.

5. Ka fara da ƙaramin abincin ƙarya mai launin kifayen wurin, kamar ruwan azurfa ko ruwan toka. A farin ruwa ne ake buƙatar launi mai ɗaukar ido. A baƙin ruwa kifi yana da damar dubawa da kyau, kuma abin da ya cika ado yakan ba shi tsoro.

6. Ka nemo zurfin da kifi yake. Bayan jifa, ka ƙirga ɗaya zuwa biyar kafin ka fara naɗe zare. In ba a taɓa ba, a jifa na gaba ka ƙirga zuwa goma, sa'an nan goma sha biyar. Lambar da kifi ya kai cafka a kanta, ita za ka riƙe.

7. Ka sassauya ja. Wani lokaci da sauri, wani lokaci a hankali, wani lokaci ka ɗan tsaya. Sau da yawa a wannan 'yar tsayawa ce kifin da ke biye yake cafkewa caraf. In ya kama, ka ɗaga sanda, kada ka bar zare ya saki, kada kuma ka fizga da ƙarfi. Ka bar shi ya gaji tukuna.

Amanar Ruwa Da Tsaron Rai

Ɗalibai, tafki dukiya ce ta jama'a. Dubban iyalai ne suke ci, suke sha, suke biyan kuɗin makaranta da abin da ke fitowa daga cikinsa. Akwai masu zuba guba a ruwa ko su tayar da nakiya don su kwashi kifi da yawa a rana ɗaya. Wannan yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai, kuma kifin da guba ta kashe yana cutar da mai cin sa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki. Haka nan raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su isa haihuwa ba. Wanda ya cinye iri bana, me zai shuka baɗi?

A nan ne fatsa da abincin ƙarya take da wani alheri. Kifi ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma yawanci a leɓe ƙugiyar take maƙalewa. Idan ka ga ƙarami ne, sai ka jiƙa hannunka, ka zare ƙugiyar a hankali, ka mayar da shi ruwa ya girma. Kada kuma ka yar da guntun zare a bakin tafki, domin yana sarƙe ƙafafun tsuntsaye.

Game da tsaron rai, ku riƙe abubuwa huɗu. Kada yaro ya tafi ruwa shi kaɗai ba tare da babba ba. Duk wanda zai shiga kwalekwale ya sa rigar da ke hana nutsewa, ko da ya iya iyo. A tambayi mutanen wurin inda kada da dorina suke, da inda kututture yake ɓoye. A ƙarshe, hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ce. Ƙwayar cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, tana fitowa daga jikin wasu ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa mai kwanciya, ta shiga jikin mutum ta fata, kuma ido ba ya ganinta. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya hanzarta zuwa asibiti.

Tattaunawa

Ku karanta wannan hira bibbiyu. Ɗaya ya zama ɗalibi, ɗaya ya zama dattijon masunci.

Ɗalibi: Barka da asuba, Baba. Sannu da aiki.
Masunci: Yawwa, barka kadai, samari. Ina kwana?
Ɗalibi: Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?
Masunci: Ba gajiya. Amma rage murya, ka dawo nan bayana ka durƙusa.
Ɗalibi: To, Baba. Me ya sa?
Masunci: Ba ka ga inuwarka a kan ruwa ba? Kifi ya riga ka ganinta.
Ɗalibi: Gafarta mini, Baba. Mene ne wannan mai ƙyalli a bakin zarenku?
Masunci: Cokali ne. Da shi nakan nemi tsage idan ruwa ya kwanta.
Ɗalibi: Ba ku sa masa tana ba?
Masunci: A'a. Kwaɗayinsa ne zai kawo shi.
Ɗalibi: In kun kama ƙarami fa?
Masunci: Sai in sake shi, ɗana. Shi ne babban baɗi.
Ɗalibi: Na gode, Baba. Allah ya ba da sa'a.
Masunci: Amin. Allah ya yi maka albarka.

Ku lura: ɗalibin ya ce “zarenku” da “kun kama”, ko da yake mutum ɗaya yake yi wa magana. Wannan jam'i ne na girmamawa.

Sababbin Kalmomi

su: sana'ar kamun kifi
fatsa: kamun kifi da ƙugiya da zare
ƙugiya: lanƙwasasshen ƙarfe mai tsini da ke maƙale bakin kifi
koma: ragar kamun kifi
birgi: ragar da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa
homa: ragar hannu da ake riƙewa ana kamfato kifi
tana: tsutsar da ke zaune a ƙasa mai damshi
banda: kifi ko naman da aka busar da hayaƙi
gaɓa: bakin kogi ko tafki
gansakuka: koren abu mai santsi da ke fitowa a ruwa
yaudara: nuna wa wani abin da ba gaskiya ba don a cuce shi
laɓe: ɓuya a bayan wani abu
baɗi: shekara mai zuwa

Nahawu

A. Lokaci na sabo. Ana amfani da shi wajen faɗin abin da aka saba yi. Alamarsa ita ce -kan, kuma a haɗe ake rubuta ta da wakilin suna: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan.

Misali:
Nakan tafi tafki da sassafe.
Giwan ruwa yakan laɓe kusa da duwatsu.
Akan sa waya saboda haƙoran tsage.

Wajen korewa ana iya cewa, “Ba yakan fito da rana ba.” Amma a maganar yau da kullum za ku fi jin “Ba ya fitowa da rana” ko “Bai cika fitowa da rana ba.”

B. Amsa-kama. Kalmomi ne da suke ƙarfafa ma'ana, su sa mai sauraro ya ji kamar yana ganin abin ko yana jin ƙararsa. Kowace tana da kalmomin da take tafiya da su.

Ruwan ya yi garau.
Masunci ya yi tsit.
Tsage ya cafke cokali caraf.
Dutse ya faɗa ruwa tsundum.
Rigarsa fara fat, hularsa ja wur, takalminsa baƙi ƙirin.

Ba a cewa “fari wur” ko “ja fat”.

Karin Magana

1. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ana faɗa wa wanda yake shirya wa wani makirci, alhali wancan ya riga ya gane shi.
2. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Son abin da ba a yi wa wahala ba yakan jefa mutum cikin matsala, kamar kifin da ya cafki cokali.
3. Iya ruwa fid da kai. Amfanin gwaninta shi ne mutum ya kuɓutar da kansa.
4. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wanda ya jure yakan sami abin da ake ganin ba zai samu ba.

Aiki

A. Ku amsa waɗannan tambayoyi da cikakkun jimloli.
1. Mene ne bambancin fatsa ta gargajiya da fatsa da abincin ƙarya?
2. Me Bahaushe yake nufi da baƙin ruwa?
3. Me ya sa ruwan da yake zuwa Kainji da rani ba shi da laka?
4. Wane launi ne yake fara ɓacewa a cikin ruwa?
5. Don me tarwaɗa ba ta cika kula abincin ƙarya ba?
6. Waɗanne hanyoyi uku ne dokar 1992 ta haramta?
7. Me ya sa bai kamata a amince da ruwa don ya yi garau kawai ba?

B. Ku cike gurbi da nakan, takan, mukan, sukan ko akan.
1. Masunta ______ fita da asuba.
2. Ni ______ ci kifi ranar Lahadi.
3. Inna ______ sayi banda a kasuwa.
4. Mu ______ sa rigar da ke hana nutsewa.
5. A Argungu ______ yi su da gora da homa.

C. Ku cike gurbi da amsa-kama da ta dace.
1. Ajin ya yi ______ da malam ya shigo.
2. Yaro ya faɗa kogi ______.
3. Audugar fara ______.
4. Kyanwa ta cafke ɓera ______.

D. Ku rubuta sunayen tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da harshenku na gida. Ku tambayi iyayenku wani karin magana a kan kifi, ku bayyana ma'anarsa da Hausa.

E. Ku rubuta wasiƙa mai jimla goma zuwa ga Sarkin Ruwan wani gari, kuna bayyana masa illar zuba guba a tafki da abin da kuke roƙon a yi. Ku fara da gaisuwar da ta dace da mai sarauta: “Ranka ya daɗe.”